Zaitun Daji da Uwar Goyonsa: Littafin Aikina a Tsaunin Tembiyen

8 ga Yuli, 2024

Yau muka fara haƙa ramuka, yau kuma na fara shan kunya.

Filin da aka ba ni gangaren tsauni ne mai farin dutse, can ƙasa da garin Hagere Selam, a gundumar Dogu'a Tembiyen ta jihar Tigrai, arewacin Habasha. Daga Mekele zuwa garin kusan kilomita 50 ne a mota, ragowar kuma sai a ƙafa. Wurin hurumi ne: ƙauye ya kafa doka ba kiwo ba sara, aka sa mai gadi. Ciyawa kaɗai ake yanka bayan damina a kai wa shanu gida. Tun shekarun 1980 mutanen nan suke killace tsaunukansu haka, har ta kai a 2017 jihar ta karɓi lambar zinariya ta duniya kan farfaɗo da ƙasar da ta gaji.

Aikina ba shi da wuyar faɗa. Dashen zaitun daji ne guda 90, itacen da suke kira awli'e. Talatin za su zauna a fili tsirara. Talatin a gindin wata ƙaya mai suna seraw, dangin farar ƙaya da kandili. Talatin kuma a gindin kuliyaw, wani gajeren itace mai kaurin ganye da ke fitowa reshe-reshe tun daga ƙasa kamar sabara, wanda ba ya zubar da ganye da rani. A littafi sunansa Euclea racemosa. Abin da nake son gani shi ne su wa za su kai damina mai zuwa da rai.

Da na isa kuliyaw na farko sai na ga ba wurin ɗaga diga. Na zaro adda na fara sare rassan ƙasa, na sa ƙafa ina share baƙin ganyen da ya taru a gindi don in sami wuri fes. Haka aka koya mana tun muna firamare a Maraɗi: a share, a haƙa, a dasa, a ba da ruwa, a yi hoto. Mai gadin, wani dattijo da kowa ke ce wa Aboy, wato baba, ya zo ya riƙe mini hannu. Abokin aikina ne tafinta, kuma in na mayar da maganar Hausa ga yadda take: "Wedey, ɗana, ka kawo jariri wurin uwar goyo, kana kuma kwance mata majanyi?"

Na yi wata da watanni ina karatu a kan wannan abu, yadda gajeren itace ke zame wa dashe uwar goyo. Kai ya karanta, hannu bai karanta ba. Na ajiye addar. Sauran ramukan a durƙushe muka haƙa su da guntun ƙarfe da 'yar fartanya, ƙaya na cizon wuya.

15 ga Yuli

An gama dashe.

Matsala ɗaya: dashen da aka kawo mana sun daɗe a leda, kusan kashi ɗaya cikin uku saiwarsu ta naɗe a ƙasan ledar kamar gammo. Na ware su, na raba su daidai tsakanin wurare ukun, kar gobe su mutu in ɗora wa ƙaya laifin da ba nata ba.

Duk na gindin itace a gefen arewa muka sa su. Mekele da Maraɗi kusan a kan layi ɗaya suke in aka duba taswira, digiri 13 da rabi arewa. Saboda haka rana tana yin abin da take yi a gida: daga Oktoba zuwa Fabrairu sai ta karkata kudu, inuwa ta kwanta arewa. Duk wanda ya taɓa neman bangon da zai sha hantsi da hunturu ya san wannan. Bambancin kawai tudu ne. Nan mun haura mita 2,000, Maraɗi kuwa ba ta kai 400 ba. Mafi yawan ruwan shekara a Yuli da Agusta yake zuba, daga nan sai a shiga dogon rani.

3 ga Agusta

Ruwa kullum da la'asar, jiya har da ƙanƙara. Na fili sun fi kowa kyau. Sun fitar da sabon ganye, suna sheƙi, alhali na gindin kuliyaw suna nan jiya-i-yau. In baƙo ya zo yau ya duba zai ce asarar lokaci muke yi da rarrafe cikin ƙaya. Ni ma sai da gabana ya faɗi. Aboy ya miƙo mini beles, 'ya'yan murtsunguwar nan da yara ke talla a bakin hanya, ya ce ba a yabon amarya ranar buki.

24 ga Agusta

Ana bukin Ashenda, 'yan mata sun cika gari da ganga da waƙa, ba wanda zai fito aiki. Na ɗauki sanda na tafi ni kaɗai neman zaitun da ba wanda ya dasa.

Wuni na yi ina ɗaga rassa ina leƙawa. Na sami goma sha ɗaya, wasu ba su fi tsawon yatsa ba. Tara a cikin kuliyaw, ɗaya a cikin cizaki, wanda a nan ma akwai shi, ɗaya a gindin seraw. A fili ko ɗaya ban gani ba, ga shi kuwa fili ya fi komai yawa a gangaren. Abin da Raf Aerts na jami'ar Leuven ta Beljiyam da abokan aikinsa na jami'ar Mekele suka rubuta ke nan a 2006, daga binciken da suka yi a yankin kogin Giba: 'yan tsiron zaitun a ƙarƙashin gajerun itatuwa ake samun su, akasari kuliyaw, duk da cewa seraw ta fi shi yawa. Karanta abu daban, ɗaga reshe ka gan shi yana kallonka daban.

To daga ina irin yake zuwa, tunda a hurumin babu babban zaitun ko ɗaya? Daga kan tudu na hango amsar. A ƙetaren kwari akwai tsohuwar majami'ar Orthodox, kewaye da ita wani ɗan kurmi baƙi ƙirin kamar an ɗiga tawada a kan takarda. Zaitun ne da tsihdi, doguwar bishiyar nan mai ƙamshin katako. Mutanen nan ba sa sare itacen majami'a, shi ya sa a wurare da yawa can kaɗai za ka ga yadda dajin tsauni yake kafin gatari da garma su cinye shi. Tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace, irin su bulbul mai baƙin kai, su ke haɗiyar zaitun a can, su taso su sauka a kan duk abin da ya ɗan ɗaga daga ƙasa, su yi kashi. Ƙwallon ya faɗo an riga an sale masa tsoka. Tsuntsu ba ya sauka a kan fako don ya huta. Ke nan aikin gajeren itace na farko shi ne zama masauki.

Amma tsuntsu yana sauka a kan seraw ma. Me ya sa ba a cika ganin tsiro a gindinta ba? Na cusa hannu a ƙarƙashin kowannensu. Gindin kuliyaw ƙasar baƙa ce, mai laushi, ta taru ta yi ɗan tudu tsakanin rassa, ganye a kan ganye yana ruɓewa. Gindin seraw kuwa tsakuwa ce da ɗan ƙura-ƙuran ganye, don ganyenta ƙanana ne kamar na bagaruwa, iska ke tafiya da su.

A hanyar dawowa na bi ta wani gefe da kututture ya yi yawa. Lokacin yaƙin da aka yi daga Nuwamba 2020 zuwa Nuwamba 2022 an yanke wutar lantarki, birni da ƙauye kowa ya koma icce da gawayi. Zaitun kuwa itace ne da ba shi da abin yarwa: gawayinsa na daɗewa, da shi ake yin aswaki da ƙotar kayan noma, da hayaƙinsa mata ke turara tukunyar nono. Kuliyaw da aka sare ya riga ya tofo daga gindi. Aboy ba ya maganar waɗannan shekaru, ni ma ban tambaye shi ba.

28 ga Satumba

Jiya aka yi Meskel, bukin gicciye na Kiristocin nan, an cinna wutar buki a kan tudu, tsauni duk ya yi rawaya da furanni. Ruwa ya ɗauke. A kalandarsu sun shiga 2017 tun ranar 11 ga wata.

Ƙidaya: fili 29, seraw 29, kuliyaw 28. Ba wani labari tukuna.

Da dare na sake duba aikin da aka yi a tsaunukan Sierra Nevada na kudancin Sifaniya tsakanin 1997 da 2001, wanda Lorena Gómez-Aparicio da abokanta suka buga a 2004. Dashe fiye da 18,000 na itatuwa iri 11, a ƙarƙashin gajerun itatuwa iri 16. Can ma al'adar ma'aikatan daji ita ce a share wuri kafin a dasa, don ana ganin ɗan itacen da ke wurin kishiya ne, zai shanye ruwa. Sai ga shi a yawancin gwaje-gwajen na ƙarƙashin inuwa sun fi rayuwa nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne amfanin ya fi fitowa a shekarun fari da kuma gangaren da rana ke duka. Inda ruwa ya wadata bambancin sai ya ragu. Kuma akwai wani dangin itace a cikinsu da ya cutar da dashen maimakon ya taimake shi. Ashe ba kowace mace mai zani ba ce uwar goyo.

Wannan ya yi daidai da abin da Bertness da Callaway suka faɗa tun 1994, cewa tsirrai sun fi gasa da juna inda akwai daɗi, sun fi taimakon juna inda akwai wuya. Talakan Maraɗi ba ya buƙatar a buga masa wannan a mujalla.

19 ga Oktoba

An buɗe hurumi don yankan ciyawa. Lauje ya tafi da huɗu daga cikin na fili. Laifina ne, sandunan da na kafa gajeru ne, ciyawa ta rufe su. Na cikin kuliyaw da seraw ba wanda ya taɓa, don ba mai cusa lauje cikin rassa ko ƙaya. Na rubuta su daban, tunda ba rana ce ta kashe su ba. Na sayi jan fenti.

30 ga Nuwamba

Yanzu wasan ya fara.

Da tsakar rana na bi da ma'aunin zafi ina cusawa a ƙasa. Tsakanin fili da gindin kuliyaw bambancin ya haura digiri 10. Ba ma sai da ma'auni ba, tafin hannu ya isa. A fili na haƙa tsawon yatsa, ƙura ce. A cikin kuliyaw ƙasar tana dunƙuluwa a hannu har yanzu, wata biyu bayan ruwan ƙarshe.

Dashe yana asarar ruwa ta hanya biyu. Rana tana tsotse na ƙasa, shi kuma yana fitar da nasa ta ganye, ƙari idan akwai iska. Saiwarsa ba ta yi nisan da za ta kamo na can ƙasa ba. Inuwa tana rage duka biyun. A gwajin da su Aerts suka buga a 2007, a kan inuwar suka fi ɗora alhakin rayuwar dashen. Abin da nake gani ke nan: na fili ganyensu ya fara naɗewa, bayan ganyen mai ruwan tsatsa ya juyo sama.

Seraw ta fara tonuwa. Ganyenta na zuba, ana hango sama ta cikin rassanta. Waɗanda suka yi tsawo kuwa inuwarsu ba ta sauka a gindi, can gefe take faɗawa, ta yi ta yawo da rana. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Kuliyaw shi a ƙasa yake zaune ya baza riga, inuwarsa ba ta zuwa ko'ina.

Na ga kuma wata shuka da na sani ta cika wani gefen tsaunin, mai ganye kamar an shafa mai, wadda ake shingen makarantu da ofisoshi da ita a Kano da Zariya. Nan sunanta tahses, kuma a daji take, ba wanda ya dasa ta. Na yi mata alama a littafi, wataƙila baɗi.

12 ga Janairu, 2025

Sanyi. Da asuba ruwan alwala kamar reza. A kwari ciyawa ta yi fari da daskararriyar raɓa.

Awaki sun shigo ranar da Aboy ya je bukin Kirsimetinsu, 7 ga wata. Ba su daɗe ba wani yaro ya kore su, amma sun yi abin da suka zo yi. Na fili da suka rage kore sai da aka datse wa shida kai. A nan ne seraw ta rama, don ƙayarta ba ta wasa, ko ɗaya ba a taɓa ba. Kuliyaw ba shi da ƙaya, amma awaki ba su damu da ganyensa ba, ba su kuma leƙa ciki ba. Kwamitin ƙauye ya ci mai awakin tara bisa dokarsu. Na so in roƙa masa, abokin aikina ya ce in yi shiru, in aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa hurumi ya tashi.

Ƙidaya: fili 17, seraw 23, kuliyaw 27.

Ranar Juma'a na samu na je Negash, arewa da Wukro, masallacin da ake dangantawa da Najjashi da sahabban da suka yi hijirar farko zuwa Habasha. Tun ina makarantar allo nake jin labarin sarkin da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Duk hanya ido na kan tsaunuka: jerin duwatsun tare ruwa hawa-hawa har sama, waɗanda mutane suka jera da hannu a aikin gayyar da suke yi kowace shekara.

5 ga Afrilu

Wata biyu da rabi ban rubuta komai ba. Fabrairu zazzaɓi, Maris kuma siyasar Mekele ta yi zafi aka ce mu zauna cikin gari. Can na yi azumi. Bana namu ya haɗu da nasu na kafin Ista, don haka ba wanda ya yi mini kallon baƙo don na ƙi cin abinci da rana.

Jiya na koma. Tun daga nesa na san amsa, don jajayen sandunan fili suna tsaye kowanne da ɗan busasshen tsinke a gefensa.

Fili 7, seraw 15, kuliyaw 24.

Ko an cire huɗun lauje, na fili sun sha kashi. Bakwan da suka rage na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga biyar daga ciki a jikin dutse suke, ta gefen arewa ko gabas. Wato su ma inuwa suka samu, ta dutse. Ranar haƙa ban lura ba, wurin da ƙarfe ya shiga kawai muka bi. Masu saiwar gammo kuwa sun fi mutuwa a ko'ina, har a cikin kuliyaw: huɗu daga cikin shidan da suka mutu can su ne.

Aboy bai ce komai ba. Ya tsuguna gaban wani kuliyaw, ya ɗaga reshe da sandarsa kamar mai buɗe labule, ya nuna mini da haɓa. Ganyen dashen kore shar, ba ko naɗi.

10 ga Mayu

An ɗan yi yayyafi sau biyu, irin ruwan bazarar da ba a dogara da shi. Fili 6, seraw 14, kuliyaw 24.

Yau awo na yi, kuma awon ya rage mini murna. Na cikin kuliyaw suna da rai, amma ba su yi wani girma ba. Wasu sirara ne, sun karkata suna leƙen haske ta tsakanin rassa. Na gindin seraw da suka tsira sun fi su kauri. Zaitun dama ba mai sauri ba ne, sai dai inuwar da ta cece shi a Fabrairu ita ce za ta danne shi a Agusta. Muka yi ta gardama da abokin aikina. Shi yana ganin a bar su, zaitun zai huda ya fito da kansa, kamar waɗanda muka gani a tsofaffin hurumai sun tsaya a tsakiyar kuliyaw sun fi shi tsawo. Ni ina ganin a rage rassa biyu-uku daga sama farkon damina, a bar na ƙasa da na kudu.

Akwai kuma ƙarshen labarin da ba a cika faɗa ba. A hamadar Sonora ta Amurka da Meziko, ƙatuwar murtsunguwar da ake kira saguwaro a ƙarƙashin wata 'yar bishiya mai suna palo verde take tashi, kuma sau da yawa in ta girma sai ta rinjayi uwar goyon wajen shan ruwa har ta mutu. Nan ma in zaitun ya yi rassa ya rufe sama, kuliyaw zai koma ɗan rakiya. Na faɗa wa Aboy, ya yi dariya ya ce shi ma ɗansa na fari ya fi shi gona yanzu.

Da magariba na kira Baba a waya. Na ce, "Baba, ka tuna gefen gonar nan da ka hana mu tumɓuke sabara?" Ya ce ya tuna, geron wurin shi ke ƙarshen yaushi in ruwa ya yi fashi. Na ba shi labarin gwajin da aka yi a Senegal aka buga a 2018: an shayar da saiwar sabara ta can ƙasa ruwa mai alama, sai aka tsinci ruwan a jikin geron da ke kusa da ita. Saiwar tana jawo shi daga zurfi ta sake shi a sama da dare. Baba ya ce, "To, sai da Bature ya sa wa ruwa alama kuka yarda?" Shi tun zamanin da sassaben zamani ya bazu a ƙasar Maraɗi yake barin toho a gona, yana rage rassa ya bar biyu ko uku. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin ɗan aduwa ko ɗan gawo ya tsiro a cikin sabara ko geza. Ya ce in ba can ba ina akuya za ta bar shi.

Mun tsayar da shawara da malamata mai duba aikin nan. Ashirin da huɗun kuliyaw za a raba su biyu, goma sha biyu a rage musu rassa, goma sha biyu a ƙyale su. Za mu kuma gwada shuka ƙwallon kai tsaye ba tare da leda ba, tunda saiwar da ta tashi a wurinta ba ta yin gammo. Limamin majami'ar ƙetaren kwari ya yarda mu tsinci wanda tsuntsaye suka zubar a ƙasa, da sharaɗin kar mu taɓa reshe. Abin tsoro ɓeraye ne, don a cikin kuliyaw su ma suke fakewa, na ga ɓawon ƙwallon da suka fasa tuli a gindi ɗaya. Aboy ya ce a binne shi zurfin gaɓar yatsa a rufe da ganye, kar a bar shi a sarari.

Ranar Litinin za mu fara tsintar ƙwallo. Ina buƙatar gwangwani biyu da ƙarin jan fenti, da dogayen sanduna wannan karon.